Barewa da ƴan uwanta: yadda suna ɗaya ya haɗiye goma

A bakin yaranmu na yau, duk wata dabbar daji mai ƙaho da siraran ƙafafu barewa ce. A nuna masu hoton gada, su ce barewa. A nuna masu gwanki, wanda ya kusa kamo doki a girma, su ce ƙatuwar barewa. Har dabbar nan ta ƙasashen sanyi mai ƙaho kamar rassan busasshen itace, wadda ba ta taɓa taka ƙasar Hausa ba, ita ma barewa ce a wajensu. Ni dai ban ga laifin yaran ba, a bakinmu suka ji. Sai dai kakanninmu ba haka suke magana ba. A wajensu barewa dabba guda ce a cikin dangi mai yawa, kowace da sunanta. Yadda sunanta ya faɗaɗa har ya rufe na sauran kuwa, shi ne tarihin abin da ya sami dajin Maraɗi, Damagaram da Adar cikin shekaru ɗari da ƴan kai.

Mu fara da ita kanta. Barewa, jam'inta bareyi, ita ce mai jan goshi da jan baya, farin ciki, da wani siririn baƙin zane da ya raba jan da farin a gefen jikinta. Wutsiyarta baƙa ce. Namiji da mace duk suna da ƙaho mai gaɓa-gaɓa kamar an jera zobba, sai dai na macen ya fi sirantaka. Nauyinta tsakanin kilo 20 ne zuwa 35, wato kusan jar akuyarmu ta Maraɗi, amma ta fi akuya tsawon ƙafa da wuya nesa ba kusa ba. Mazauninta shi ne ɗamarar nan ta Sahel mai ciyawa da itatuwan ƙaya, tun daga Senegal har Sudan. Da damina takan yi arewa ta bi sabuwar ciyawa, da rani ta gangaro kudu, kamar dai yadda makiyaya ke yi. Wannan dabbar ce Bargery ya fassara kalmar da ita a babban ƙamusunsa na 1934, kuma daga bakin Hausawan wancan zamani ya ɗauko.

To ga ƴan uwanta. Can arewa, inda ciyawa ta fara ƙarewa rairayi ya karɓa, akwai wata ƙarama da ta fi ta hasken jiki, mai iya daɗewa ba ta sha ruwa ba, danshin ganye ya ishe ta. Mafarautan arewa na da sunan matakundi dominta. Akwai mena, babbar cikinsu, doguwa, fara fat in ban da wuya da gadon baya masu ja, da ɗigon fari a maƙogwaro. Akwai mariri, wanda kuma ake kira warwaji, fari mai dogayen ƙahoni da suka lanƙwasa baya kamar takobi. In aka gangaro kudu wajen fadamu da gulabe sai a tarar da mazo mai ɗigo-ɗigon fari, da maraya, da gwambaza da ba ya nisa da ruwa, da kwanta-rafi wanda sunansa ma ya faɗi halinsa. A fili akwai batsiya, da kanki mai dogon fuska, da gwanki. Gada kuwa ita ce ƴar gajeriyar nan mai tuntun gashi a ka, mai faɗawa cikin ƙunci da zarar ta ji motsi. Ita ce ta fi kowa jure zama kusa da gona, shi ya sa har yau manomi kan ci karo da ita.

Mutum ba ya raɗa wa abu suna sai yana da hulɗa da shi. Waɗannan sunaye kayan aiki ne na maharba, kuma harbi sana'a ce ta gado mai sarautunta, su Sarkin Baka da Sarkin Dawa. Maharbin da zai tunkari barewa a fili, inda ba wurin ɓuya, yakan ɗaura kan burtu a goshinsa, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya dinga rarrafe yana sunkuyar da kai kamar tsuntsun na kiwo, har ya kai inda kibiya za ta isa. Kibiyar kuma an shafe ta da dafin kwankwani. Dabarar da ta kama barewa ba ita ce za ta kama gada a cikin duhuwa ba, balle gwanki, wanda in ya ji rauni yakan juyo kan maharbin. Daga nan ne kirarin gwanki sha bara ya fito, wanda ake yi wa jarumin da an sha kai masa hari yana tsallakewa. A lura, malamai: barar nan ba ta almajiri ba ce, ba kuma shekarar da ta wuce ba. Auna abu ne da kibiya ko mashi. Yaron da bai san gwanki ba, bai san wannan barar ba, ya rasa kirarin gaba ɗaya ko da yana jin maroƙa na yin sa kullum.

Ba nama kaɗai ake nema ba. Da fatar mariri ake yin manyan garkuwoyin yaƙi da Buzaye suka shahara da su, waɗanda mayaƙan Hausa ma ke saye su riƙe. Da ƙahon gwanki ake yin ƙahon da ake busa wa sarakuna da mayaƙa. Wanda zai sayi garkuwar da ransa zai dogara da ita ba zai yarda a ce masa ai duk fata fata ce ba.

Farautar ma tana da ƙa'ida. Ta gayya, da karnuka da sanduna, aikin rani ce, kuma a gargajiyar Arna ba a shiga dawa sai an yi buɗin daji, bikin da har yau ba a bar shi ba a Masalata ta ƙasar Ƙonni. Da damina kowa na gona, dawa ta huta. Ban ce mutanen da waliyyai ne ba, sun kashe iyakar abin da hannunsu ya kai. Hannun ne bai kai nesa ba, dajin kuma yana da faɗi.

Faɗin nan nasa yana da dalili na siyasa, kuma nan ne nake ganin darasin tarihi da na dabbobi suka haɗu. Bayan jihadin da aka fara a 1804, sarakunan Katsina da aka kora suka kafa Maraɗi, Gobirawa suka kafa Tsibiri, aka shafe mafi yawan ƙarni na 19 ana kai wa juna hari tsakaninsu da daular Sakkwato. Talakawa suka tattaru a bakin gulbi da cikin garuruwa masu ganuwa, don ba mai yarda ya yi gona inda mahaya za su tsince shi. Tsakanin ɓangarorin biyu sai daji ya rufe. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya ratsa ta Damargu, Tasawa da Gazawa zuwa Katsina a farkon 1851, kuma ya bayyana abin da ke tsakanin Gazawa da Katsina a matsayin ƙungurmin daji mai haɗari ga ayari. Tsoron da ya hana mutum zama shi ya ba namun daji gida. Ko a 1920, da wani Bature ɗan Sikotilan mai suna Angus Buchanan ya taso daga Kano ya bi ta Damagaram da Damargu zuwa Abzin yana tara wa gidan tarihin Lord Rothschild dabbobi da tsuntsaye, ya sami mena a Damargu, har aka laƙaba wa irin da ya kai sunan Damargu a rubutun masana.

Abin da ya fara cin dajin zaman lafiya ne. Da hare-hare suka tsaya a farkon mulkin Faransa, mutane suka fito daga bakin gulbi suka bazu a jigawa, kowa ya sari dajinsa, ya gina rijiya, ya kafa ƙauye. Yawancin garuruwan da ake kira Gidan Wane ko Garin Wane a arewacin Maraɗi haka suka samu. Sai haraji da kuɗi ya zo, gyaɗa ta zama hanyar biyansa, gonaki suka ƙara faɗi. Zuwa lokacin da aka kafa SONARA a 1962 gyaɗa ce babbar hajar da Nijar ke fitarwa waje. A 1961 gwamnati ta yi dokar da ta shata iyakar noma ta arewa don a bar wa makiyaya abin da ke bayanta, amma hauya ta tsallake layin tun tuni. Ba mamaki: a 1960 mutanen ƙasar nan duka miliyan 3 ne da ƴan kai, ƙidayar 2012 kuwa ta samu sama da miliyan 17. Barewa mai jan goshi ita ta fi shan wahala a wannan zango, don ƙasar da take so ita ce daidai ƙasar gero.

Na arewa kuma wata hanya aka bi aka same su. Rijiyoyin siminti da na burtsatse da aka gina a yankin kiwo sun sa garkunan shanu suna zama rani da damina a wuraren da a da ƙishirwa ke korar kowa, mariri da mena su ci ciyawa su kaɗai. Sai farin 1973 da 1974, sai na 1984 da jama'a suka raɗa wa El-Buhari; namun da yunwa ta raunana suka matso kusa da mutane masu yunwa. A kan wannan aka ɗora bindigar zamani da mota mai hawa rairayi. Barewa ta fi kare gudu, ta fi doki, amma mota ba ta haki. A bi ta har zuciyarta ta buga, ko a haske mata ido da fitila da dare. Masu kaki sun yi, ma'aikatan haƙar ma'adinai sun yi, baƙi masu kuɗi daga ƙasashen Larabawa da ke zuwa farautar tuje da shaho sun yi. Akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, amma ma'aikacin gandun daji guda a kan babur ba ya tsare fili mai girman wata ƙasa.

Ga inda aka kwana. Mariri ya ɓace daga Nijar a shekarun 1980, kuma a 2000 aka bayyana cewa babu sauransa a daji ko'ina a duniya. Daga waɗanda aka kiwata a tsare ne aka kwaso wasu daga Abu Dabi a jirgin sama aka sake su a Wadi Rime ta ƙasar Cadi tun daga 2016, suka hayayyafa, har a ƙarshen 2023 aka cire shi daga wancan jerin. Mena da ta rage a daji a duniya duka ƴan ɗaruruwa ne ƙalilan, a Cadi da kuma nan wajenmu, a duwatsun Termit da na Abzin. Kanki, gwanki da maraya, sai dai a gangara gandun W can kudancin Yamai.

Dabba in ta tafi, sunanta ba ya mutuwa rana ɗaya. Ya fara zama maganar tsofaffi, sannan ya maƙale a kirari ko karin magana, sannan ya faɗi. Amma dole harshe ya riƙe ko da kalma ɗaya ta nuna wannan dangin, kuma barewa ce ta tsira, don ita ce ta fi kafa saiwa a wajen waɗanda ba maharba ba. Tana cikin yabon kyau: ido, wuya, tafiya, duk budurwar da aka so yabawa da barewa ake kwatanta ta, kamar yadda Larabawa ke yi da gazala tun kafin Musulunci. Tana cikin zancen gudu. Tana kuma cikin madahu, ta labarin barewar da mafarauci ya ɗaure, ta roƙi Manzon Allah (SAW) ya sake ta ta je ta shayar da ƴaƴanta ta dawo, kuma ta cika alkawari. Malaman hadisi sun yi magana a kan ingancin wannan ruwaya, amma ta riga ta shiga kunnen duk wanda ya taɓa zama wurin mauludi. Kanki da batsiya ba su sami irin wannan gata ba.

Lakwal ma ta taimaka, ba da niyya ba. Turawan Faransa da suka zauna a ƙasashenmu sun saba kiran duk ƙananan namun nan da kalma ɗaya, biche, wadda a ƙasarsu sunan macen wata dabba ce dabam, dangin mai ƙahon rassa. Ɗan lakwal ya tambayi mushe ma'anarta, a ce masa barewa. Kalma ɗaya ta Faransanci, kalma ɗaya ta Hausa, an gama. Masu fassarar labarai da littattafan yara su ma, in suka ci karo da dabbar Turai ko ta Amurka, abin da ke kusa suke ɗauka. Alhali bambancin ba ƙarami ba ne: ƙahon waccan ƙashi ne mai rassa, yana faɗuwa kowace shekara wani ya tsiro, kuma a mafi yawan irinsu namiji kaɗai ke da shi. Ƙahon barewa irin na akuya ne, in ya fito ya fito ke nan. Babu dangin mai rassan ko ɗaya da asalinsa yake kudu da Sahara.

Da kalmar ta rabu da daji sai ta hau tambari. Makarantar da Turawan Ingila suka kafa a Katsina a 1921, ta koma Kaduna a 1938, ta sake komawa Zariya a 1949, a 1971 aka raɗa mata suna Kwalejin Barewa. Ita ta yaye Sardauna Ahmadu Bello, Tafawa Ɓalewa, Yakubu Gowon, Murtala Muhammad, Shehu Shagari da Umaru Musa Ƴar'aduwa, har ya zama in aka ce wane ɗan Barewa ne a Nijeriya, ba wanda tunaninsa ke zuwa kan dabba. Mu ma muna da irin tamu. Tambayi yaro a Tawa ko Damagaram mece ce Mena, zai ce ƴan ƙwallon ƙasa, waɗanda suka sha gaban Masar da Afirka ta Kudu a rukuninsu suka je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, suka sake zuwa a 2013. Kan dabbar na nan a ƙirjin rigarsu. Ina jin daɗin cewa ƙwallo ta riƙe mana wannan suna, in ba don ita ba da ya bi sahun batsiya. Amma abin takaici ne a ce filin wasa na Seyni Kountché, in ya cika, mutanen da ke ihun Mena a cikinsa sun ninka menar da ta rage a doron ƙasa sau ɗari ko fiye.

Sai karin maganar da kowa ya sani: barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ana faɗinta in ɗan malami ya haddace, ana faɗinta in ɗan ɓarawo ya shiga hannu. Wanda ya fara yin ta ya kalli abin da idonsa, don ɗan barewa kan miƙe a kan ƙafafunsa jim kaɗan bayan haihuwa. Sai dai akwai rabin labarin da maharba suka sani, mu muka manta. A kwanakin farko ba ya bin uwar. Kwanciya yake yi lamo a cikin ciyawa ko gindin ƙaya, uwar ta yi nisa da kiwo don kada ta ja hankalin dila da kura, ta dinga dawowa tana shayar da shi har ƙafarsa ta yi ƙwari. Gudun gado ne, amma sai da ciyawar ɓuya da uwa mai dawowa. Inda aka share ciyawar, yara makiyaya ke tsintar ƴaƴan su kai gari a sayar, su ƙare a bayan gidan wani mai hali suna cin dusa tare da tumaki. Na faɗi wannan ne don na sha jin ana amfani da karin maganar a makaranta a yanke wa yaro hukunci tun bai buɗe baki ba: ubansa bai yi karatu ba, shi ma ba zai yi ba. Karin maganar ba ta ɗauki wannan nauyin ba, kuma ba na son jin ta a bakin malamin aji da wannan manufa.

Akwai kuma maganar rubutu, wadda ta shafe mu kai tsaye tunda kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Koyarwa da Hausa ba sabon abu ba ne a nan, tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji a Damagaram, amma yanzu littattafai za su ƙaru, kuma abin da aka sa a ƙarƙashin hoto shi yaro zai riƙe. Wayoyin da ba su da haruffa masu lanƙwasa sun riga sun haɗa barewa da ɓarewa, ta gyaɗa ko ta wani yanki daga ƙasa. Sun haɗa gada ta daji da gaɗa ta ƴan mata a dandali, ga kuma gada ta kan kogi da sai karin sauti ke raba ta da ta dajin. Waɗannan misalai ne masu daɗin koyarwa, yara na dariya suna kama su. Shawarata ga masu tsara littafi ita ce, in an zana barewa a zana mai jan goshi da baƙin zanen nan, a sa mena da mariri da gada kusa da ita kowace da sunanta, dabbar ƙasashen sanyi kuma a kira ta da bayani, a ce mai ƙahon rassa. Iyaye kuma, wanda ke da tsoho a gida da ya taɓa riƙe baka, ya sa yaro ya tambaye shi sunayen ya rubuta yadda ya ji su, don na Adar ba lalle su zo ɗaya da na Damagaram ba, kuma duka Hausa ne.

Ga makarantun jahar Maraɗi ma akwai wurin gani da ido. Gandun Gadabeji da ke arewa da Dakoro, mai faɗin hekta 76,000, tun 1955 aka keɓe shi saboda irin su mariri da mena, kuma UNESCO ta sa shi cikin jerin wurarenta na kare halittu a 2017. A ƙarshen 2018 aka ɗauko raƙuman dawa 8 daga Kure a manyan motoci, tafiyar sama da kilomita 800, aka sake su a can, kuma sun fara haihuwa. Daga cikin namun da ake iya hangowa a gandun har yau akwai ƙaramar nan mai hasken jiki, ta bakin sahara. Da sassafe ko da la'asar sakaliya take fitowa kiwo, kuma sai an kashe mota an yi shiru.